Fitilar biki mai juya kai: me ke sa haskenta ya karkace, kuma ta ina ake fara neman matsalar?

Fitilun nan masu juya kai, waɗanda ke watsa haske kala-kala suna lilo sama da ƙasa, sun zama ruwan dare a zaurukan biki da wuraren taro, daga Kano zuwa Yamai har Sabha, babban birnin yankin Fazzan a kudancin Libiya. A nan unguwar Mahdiya da maƙwabtanta irin su Gurda, cikin masu ɗauko su daga shagon haya su rataya, su sauke bayan an tashi, akwai samarin Hausawa da suka hauro daga Damagaram, Maraɗi, Tawa da Katsina. Su ne kuma ake fara tuhuma idan fitila ta soma ba da haske rabi da rabi: gefe guda tar, gefe guda dishi-dishi, ko tsakiya ta yi duhu kamar an ɗiga mata tawada.

Abin da aka saba ji a irin wannan lokaci shi ne "ƙwan ya mutu". Sai a aika Tarabulus, tafiyar fiye da kilomita 700, a sayo sabo, wani lokaci a zaftare kuɗin daga ladan yaron da ya rataya fitilar. Baƙo kuwa, balle wanda takardunsa ba su cika ba, ba shi da bakin musu. Alhali sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Siffar da hasken ya yi a jikin bango tana nuna inda matsalar take, kuma wanda ya iya karanta ta zai gane ko ƙwan ne da laifi tun kafin a kwance noti ko ɗaya.

Abin da ke cikin kan fitilar

Wannan na'ura, wadda masu aiki da Faransanci ke kira lyre, ba ta daɗe ƙwarai a duniya ba. Kamfanin Vari-Lite na Amurka ne ya fara fito da ita fili a 1981, a wasan mawaƙan Genesis na Ingila a Barcelona. A 2011 kamfanin Clay Paky na Italiya ya fito da wata ƙarama mai suna Sharpy, mai ƙwan wat 189, wadda haskenta ke fita siriri kamar sanda. Akasarin masu rahusa da ke shigowa kasuwanninmu daga masana'antun Guangzhou na ƙasar Sin, waɗanda ake kira 5R ko 7R, kwaikwayonta ne aka yi.

Kafin haske ya fito daga bakinta, sai ya ratsa abubuwa da dama a jere. Daga can baya akwai ƙwan da ƙoƙon madubin da ke tattara haskensa. Sai gilashin tare zafi. Sai ƙyaure biyu na ƙarfe masu buɗewa da rufewa domin ƙara haske ko rage shi. Sai faifan launuka, da faifan zane mai fitar da taurari da furanni, da gilashin da ke raba haske gida-gida, da wani mai sa shi ya yi hazo-hazo. A ƙarshe sai manyan gilasan gaba. Kowane ɗaya cikinsu in ya samu matsala, yana barin tabonsa daban a jikin hasken.

A nan akwai abin lura. Irin mai sandar haske, wadda masu sana'ar ke ce wa bim, da gangan aka ƙera ta tsakiyarta ta fi gefe haske. Wannan ba lalacewa ba ce. Wanda ke son haske shimfiɗaɗɗe a kan kujerar ango da amarya, irin mai wanke wuri da haske ya kamata ya nema. Na sha ganin ana ta murɗa lafiyayyar fitila ana neman ta yi aikin da ba nata ba.

Farar katanga kafin sukuddireba

Gwajin farko ba ya cin ko dirhami. A ajiye fitilar a ƙasa ko kan tebur, a juya bakinta ta fuskanci farar katanga kai tsaye, ba a karkace ba, domin hasken da ya sauka a karkace dole gefensa na kusa ya fi haske. A ba da tazara sosai. Takardar Sharpy ta ce kada abin da ake haskawa ya matso ƙasa da mita 12, saboda zafin sandar hasken na iya ƙona labule ko roba, kuma ƴan kwaikwayonta ba su fi ta sanyi ba. In zauren bai kai haka ba, a fita tsakar gida da dare.

Daga nan a zare wayar da ke haɗa ta da allon sarrafawa. A shiga ɗan allon da ke gindinta a sa ta da hannu: farin haske, babu launi, babu zane, ƙyaure a buɗe gaba ɗaya. A bar ta minti 5 ƙwan ya kama sosai. Ido yakan gaji da ƙarfin hasken, don haka wayar hannu na da amfani a nan: a ɗauki hoton katangar, a rage hasken kyamarar har da'irar ta fito da siffarta.

Idan da aka zare wayar sai komai ya daidaita, to fitilar ƙalau take, saƙon da ake aiko mata ne ya rikice. Waɗannan fitilu suna karɓar umarni ta tsarin DMX512, wanda aka kafa a Amurka a 1986. Layi ɗaya yana da tashoshi 512, kowace tasha tana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. Fitila mai cin tasha 16 in ta fara daga adireshi na 1, ta biyu sai ta fara daga 17, ta uku daga 33. Idan aka kuskure adireshi suka hau kan juna, ko aka sa fitilar a tsarin tasha 20 alhali allon yana lissafin 16, umarnin da aka aika wa launi sai ya faɗa kan ƙyaure, hasken ya tsaya rabi a rufe. Haka kuma in an yi amfani da wayar makirfo maimakon wayar DMX don kawai bakinsu iri ɗaya ne, ko an jera fitilu fiye da 32 a layi guda, ko an bar ta ƙarshe babu ɗan toshin nan mai rezista om 120 tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3. Alamar irin wannan ita ce haske ya riƙa ƙyaftawa, ko kan fitilar ya riƙa zabura shi kaɗai.

Idan kuwa an zare wayar amma tabon na nan, sai a dubi siffarsa.

Inuwa mai kaifin baki, kamar an yanke gefen da'irar da wuƙa, ko ta koma kamar wata ɗan kwana goma, ba aikin ƙwai ba ne. Wani ƙarfe ne ya tsaya a hanya: ƙyaure ɗaya bai gama buɗewa ba, ko faifan zane bai zauna daidai kan raminsa ba. Launi biyu a da'ira ɗaya, sama fari ƙasa ja, faifan launi ne ya tsaya tsakanin gida biyu. Waɗannan faifai ƙananan injuna ne ke juya su, wasu ta hanyar bel, kuma a jikin kowane akwai ɗan maganaɗisu da ke gaya wa na'urar inda mafari yake. Girgizar mota a kan hanya na iya sassauta bel ko ɗan notin da ke riƙe faifan. A fara da umarnin sake tada fitilar daga allonta, a kasa kunne. Ƙarar kar-kar-kar na nuna wani abu ya cije.

Ƙurar Fazzan da zafinta

Inda tabon ba shi da kaifi, hasken ya yi dishi-dishi da ɗigo-ɗigo, ko aka ga wani kewaye kamar na wata a daren hazo, to ƙura ce. A ganina wannan ce babbar cutar fitilun da ke aiki a yankin nan, kuma ita aka fi rainawa.

Dalili shi ne fitilar tana shaƙar iska. Fankokin cikinta suna jawo iskar waje su bi da ita ta kan ƙwan domin ya huce, duk abin da iskar ta ɗauko kuma a ciki yake sauka. Yawancin waɗannan fitilu an rubuta IP20 a jikinsu, ma'ana ba su da wata kariya daga ƙura. Sai lambar farko ta zama 6, kamar IP65, sannan ake cewa a toshe take ruf. Wanda ya san hunturun Kano ko na Damagaram ya san yadda ƙura ke shiga har cikin akwatin da aka kulle. Iskar gibli da ke tasowa daga hamada a nan ta fi haka, ga ta kuma da zafi. Idan aka haɗa da injin hayaƙin da ake kunnawa a biki domin sandar haske ta fito, lamarin ya ƙara ɓaci, saboda ruwan hayaƙin yana barin danƙo a kan gilashi, ƙura ta manne, zafi ya gasa su tare.

Wajen sharewa ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ƙurar hamada yashi ce da ta niƙu, ƙwayar yashi kuwa ta fi gilashi tauri. Duk wanda ya sa gefen rigarsa ya goge busasshen gilashi, ya kankare shi ne. A fara hure ƙurar da ɗan famfon roba irin na masu kyamara, ko a kaɗe ta da buroshi mai laushi. Sannan a jiƙa auduga ko ƙyalle mai taushi da sifirit mai tsabta, a shafa sau ɗaya daga tsakiya zuwa gefe, a canza wuri a ƙyallen, a sake. Ban da fetur, ban da tina, ban da sabulun wanki. Gilasan faifan launi suna da wani shafi siriri a fuska ɗaya, shi ne ke ba da launin, in ya goge ya tafi ke nan.

Wasu sukan kai fitila wurin mai faci a hure ta da injin iska. Iskar wannan inji tana ɗauke da mai da danshi, kuma ƙarfinta na juya fanka fiye da kima har ta lalace. In ya zama dole, a riƙe fukafukan fankar da yatsa.

Zafi shi ma yana da nasa. Yawancin masu ƙera fitilun sun ƙayyade cewa kada zafin wurin aiki ya wuce digiri 40, Sabha kuwa a watannin Yuni zuwa Agusta takan kai haka har ta wuce, kuma can saman rufi inda ake rataya fitila ya fi ƙasa zafi. Irin masu ƙwayoyin LED suna da dabarar kare kansu: in sun ji zafi sai su rage haske. Shi ya sa za a ga fitila ta fara biki garau, bayan rabin awa ta dushe, a kashe ta ta huce ta dawo daidai. Wannan fanka ce ta tsaya ko ragar iska ta toshe. Idan kuma gefe ɗaya na farin hasken ya koma ruwan hoda ko kore, a kunna ja shi kaɗai, sannan kore, sannan shuɗi, sannan fari, ana duban fuskar fitilar daga gefe, ƙwayar da ta mutu za ta bayyana. Layukan da ke gilmawa a bidiyon waya kuwa, alhali ido bai ga komai ba, ba lalacewa ba ce. LED yana rage haske ne ta hanyar ƙyaftawa da sauri, kyamara ce ke kama shi, kuma wasu fitilun suna da wurin ƙara saurin a allonsu.

Sai kuma rana. Gilashin gaban fitilar yana tattara hasken rana kamar gilashin da yara ke ƙona takarda da shi. Fitilar da aka bari a bayan a-kori-kura ko a filin taro bakinta na kallon sama da tsakar rana, cikinta na iya ƙonewa ko da ba a kunna ta ba. Wannan ya shafi masu kai kaya tarukan fili, irin bikin al'adu na Ghat da aka saba yi a ƙarshen Disamba. A riƙa sunkuyar da kanta ƙasa, ko a rufa mata ƙyalle.

In lallai ƙwan ne

Ƙwan 5R ko 7R ba shi da zaren waya irin na ƙwan ɗaki. Tartsatsin wuta ne ke tsalle tsakanin tsinke biyu da tazararsu ba ta wuce kimanin milimita 1 ba, cikin ɗan gilashi mai zaiba. Wannan ɗigon tartsatsi dole ya zauna daidai cibiyar madubi. Ya goce kaɗan, haske ya karkata.

Don haka idan da'irar tana da tsabta amma wuri mafi haske ya koma gefe, ƙwan lafiyarsa lau, zamansa ne ya goce. Fitilun da ƙwansu daban madubinsu daban, irin masu MSD 250, suna da noti uku a ƙeya domin wannan aiki. Ana murɗa su ne fitila na kunne, ɗaya bayan ɗaya, rubu'in juyi kawai, ana kallon katanga, har hasken ya dawo tsakiya. Bayan haka, in tsakiyar ta cika zafi, ƙwan ya yi gaba da yawa, sai a ja shi baya ta hanyar murɗa ukun daidai wa daida. In tsakiya ta yi duhu gefe ya fi haske, ya nutse baya da yawa, sai a turo shi. Kada a bar tsakiya ta cika zafi don ana son ƙarfin haske, hakan ne ke ƙona faifan zane. Su 5R da 7R ƙwan da madubin a haɗe suke zuwa, abin dubawa shi ne ko ya zauna daram a mazauninsa, ko wani maƙalli ya kwance.

Tsufan ƙwai daban yake. Hasken gaba ɗaya ne ke raguwa, fari ya koma rawaya-rawaya ko kore-kore, ya riƙa jinkirin kamawa, gilashin ciki ya yi fari kamar madara ko ya yi baƙi. Masu ƙera irin waɗannan ƙwai suna ba su tsakanin awa 1,000 da 3,000, gwargwadon iri, kuma fitilar tana ƙirga awoyin a allonta. Sai dai ana iya mayar da ƙirgar sifili, don haka wanda ya sayi fitila ta hannu kada ya dogara da lambar. Hanya mafi tabbaci ita ce musanya: a ɗauko ƙwan wata fitila irinta mai lafiya a sa. In matsalar ta bi ƙwan zuwa ɗaya fitilar, shi ne. In ta tsaya inda take, an tsira da kuɗin Tarabulus. Wanda kuma zai sa sabon ƙwai a fitila ɗaya cikin huɗu, ya san cewa za ta fi sauran haske da fari, sai a ga kamar ukun ne suka lalace. Jabun ƙwai ma suna yawo a kasuwa, wasunsu tun daga masana'anta tartsatsin bai zauna a cibiya ba, babu murɗin da zai daidaita su.

Wannan ƙwai ba abin wasa ba ne. In ya yi zafi iskar cikinsa a matse take ƙwarai, yana iya fashewa, musamman wanda ya wuce wa'adinsa. A cire fulogi, a jira aƙalla minti 20 kafin a buɗe. Kada a kalli ƙwan yana ci babu murfi, haskensa na lahanta ido. Kada a taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu yana zama tabon da zai tsage daga baya. In ya fashe, a buɗe tagogi a fita na ɗan lokaci saboda zaibar.

Abin da ke saurin tsufar da ƙwai a nan shi ne ɗaukewar wuta, wadda mazauna kudancin Libiya suka daɗe suna fama da ita, musamman da zafi. Ka'ida ita ce a kashe ƙwan daga allo, a bar fanka ta yi ta juyawa ƴan mintuna kafin a yanke wuta. In wuta ta ɗauke farat ɗaya, fanka ta tsaya ƙwan na tsananin zafi. Sai kuma a tada janareta, ko gurup kamar yadda ake faɗi a Nijar, a matsa wa fitilar ta kama nan take, alhali irin wannan ƙwai sai ya huce yake sake kamawa. Kowace kunnawa tana cin tsinken. Fitilar 7R guda tana jan wat 300 zuwa 400, takwas sun tasam ma wat 3,000, ban da amsa-kuwwa. In aka ɗora su duka a kan ƙaramin janareta, duk lokacin da kiɗa ya buga da ƙarfi za a ga hasken fitilun ya nutse tare. In duka suka dushe lokaci guda, a nemi matsalar a wajen wuta. Zauren da ke da janareta mai ƙarfi, gara a fara biki a kansa tun farko, da a yi ta sauyi ana tsakiyar taro.

Akwai inda ya kamata mai rataya fitila ya tsaya. Akwatin da ke tada ƙwan yana harba dubban volt, allon lantarkin ciki kuma aikin mai gyara ne. Abin da zai taimaka shi ne a je masa da bayani: hoton katangar, awoyin da allon ya nuna, ko tabon na nan bayan an zare wayar DMX, ko yana zuwa tun farko ne ko sai ta yi zafi, da abin da ya faru da aka musanya ƙwai. Samarin da ke karɓar kayan haya kuma, su kunna kowace fitila a gaban mai shago kafin a loda ta a mota, su ɗauki hoton haskenta da na lambar awoyinta, su tura masa ta WhatsApp nan take domin kwanan wata ya zauna a jiki.